Masara Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Tsutsa ta cinye Arba'in da Ɗaya.

Da safe na shiga gidan raga na tarar da ma'aikata a tsaitsaye cirko-cirko kamar an yi rasuwa. Shuka goma sha takwas, kowacce ganyenta ya zama rariya, bakwai ma zuciyarsu ta bushe. Kwana goma sha biyu ke nan da muka zuba musu tsutsar kara don mu ga ko ƙwayar gadon da muka dasa a jikinsu za ta kare su. Da ta yi aiki, tsutsar ce za ta mutu tun a rana ta uku. Ga ta nan ta yi ɓul-ɓul, ta fi ma'aikatan wurin nan samun abinci.

Shekara huɗu. Bari in rubuta, don babu wanda zai rubuta. Shekara huɗu muna ɓare goyon masara ɗanye, muna ciro ɗan tayin da ke cikin kowace ƙwaya, abu kamar ƙwayar riɗi, muna tsoma shi a ruwan bakteriyar da ke kai saƙon gadon, muna jera shi a faranti muna jira. Irin masarar da manomanmu ke so taurin kai gare ta, ba ta karɓar baƙon abu. Dubbai sun mutu. Guda ɗaya tal ta karɓa, ta yi dunƙule fari mai rai, muka ba ta lamba arba'in da ɗaya.

Shugaban cibiyar bincikenmu ya zo da kwat ɗinsa, a cikin wannan zafi. Mai Kwat. Ni na koya masa riƙon hantsaki shekara ashirin da suka wuce, kuma bai koya ba. Ya ce, "Baba, me ya faru?" Na ce ya tambayi tsutsar, ita ce ta kwana a wurin.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Sun yanki ganye sun kai ɗakin gwaji. Kwan fitilar ɗakin tsiro ya dushe, na faɗa sau uku, ba a canja ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Sakamako ya fito. Babu ƙwayar gadon a jikin ko ɗaya. Ba wai ta yi rauni ba ne, babu ita sam. Masara ce ta banza irin wadda ke bayan kowane gida, ita muka yi wata uku muna yi wa hidima kamar 'yar gata.

Aka tara mu a ɗakin taro. Mai Kwat ya yi ta magana da Turanci, don in yana jin tsoro Hausa gudu take daga bakinsa. Ya ce a watan Fabrairu an gwada dunƙulen, ƙwayar tana nan. Ke nan tsakanin Fabrairu da yanzu wani ya musanya faranti. Muna ajiye wasu farantai na masarar da ba a taɓa ba a gefe, don kwatance. 'Yan rakiya muke ce musu. A ido ba ka bambanta su da na gasken, rubutun jikin faranti ne kawai ke raba su. Wani ya ɗauki 'yan rakiya ya ba su sunan Arba'in da Ɗaya.

Na miƙe na ce kafin a nemi wani, a fara tambayar ina maganin tacewa. Maganin da ake zubawa a abincin tsiro, wanda ke kashe duk dunƙulen da ba ya ɗauke da ƙwayar. Da yana ciki, da 'yan rakiya sun mutu a sati guda, da mun gane tun a Maris. Ya ƙare tun Janairu. Takarda huɗu na rubuta. Wa ya zauna a kansu?

Ya ce, "Baba, ba wannan ake magana ba."

Kullum ba wannan ake magana ba.

Sun ɗauke rajistar ɗakin tsiro, sun kulle ta a ofishinsa.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

A bangon ɗakin tsiro akwai takarda da na manna da hannuna tun kafin a haifi rabin ma'aikatan nan: A RUBUTA A GINDIN FARANTI, BA A MURFI BA. Murfi yawo yake yi. Ka buɗe uku a nan, uku a can, ka juya ka ɗauki hantsaki, shi ke nan. Na taɓa korar ɗalibi daga ɗakin nan sati biyu saboda wannan. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa rasa layin shuka irin Arba'in da Ɗaya ba. Kowa ya sani.

Duk kwana goma sha huɗu ake sauya wa dunƙule sabon faranti. Sun bi rajista sun tsaya a kan Talata, 12 ga Maris, ranar da aka fitar da Arba'in da Ɗaya da 'yan rakiya tare, aka sa su a abincin da ke sa su fitar da ganye. Sa hannun Dogo ne a wurin. Rubutun gindin farantan da suka rage a ma'aji ma nasa ne.

Dogo mijin Auta ne, ƙaramar 'yata. Ni na kawo shi wurin nan shekara tara da suka wuce, tun kafin ya san ina da 'ya. Hannunsa ya fi na kowa tsafta, bayan nawa.

Ba zan yi rubutu a kan waccan Talatar ba. Ba aikina ba ne, aikin kwamiti ne.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Uwar yara ta same ni a baranda da jarida. Ta ce, "Malam, karanta ta kake yi ko sansanar ta?" Na ce masu jaridar yanzu ba su da tausayi, rubutu kamar kashin ƙuda. Ta ce ai kuwa ita tana karantawa lafiya lau, kuma ita ko sakandare ba ta gama ba. Na ce ta kawo mini shayi. Ta kawo, babu sukari, wai likita. Kowa a gidan nan yana da likitan da yake fakewa da shi.

Ban gaya mata komai ba tukuna.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

An kafa kwamiti. Mutum uku, shugabarsu wata Farfesa daga wata jami'a, mace mai magana a hankali. An dakatar da Dogo har sai sun gama. Masu ba da tallafi daga waje suna son a nuna musu mutum ɗaya da za su ɗora wa, Mai Kwat kuma ba zai nuna kansa ba.

Dogo ya shigo ya kwashe kayansa, farar rigarsa da kofinsa da silifas ɗin ɗaki. Ina zaune a teburin iska, inda muke buɗe farantai cikin tatacciyar iska, ina goge abin da ba ya buƙatar guga. Ya durƙusa kamar yadda yake yi a gida, abin da na hana shi yi a wurin aiki tun ranar farko. Ya ajiye makullinsa a gefena.

"Baba, ranar Laraba ne sauyin sauran layukan. Na bar jerin a allo, na rubuta da manyan baƙi."

Da manyan baƙi. Wa ya roƙe shi?

Na ce ya tashi ya tafi, na san aikina tun yana tsumma. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba. Ya fita, ya ja ƙofa a hankali don kada iska ta shigo. Ko a ranar da aka dakatar da shi sai ya rufe ƙofa daidai.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Shekara talatin da ɗaya. Takarda huɗu na rubuta a kan maganin nan.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo da jaririyarta. Wata biyu yarinyar, ta fara kumatu. Na karɓe ta na ce ina amaryata, ina kika bar mini abincina, ta yi mini fitsari a riga. Uwar yara ta ce ai ta yi maganinka. Muka yi dariya, har na manta na ɗan lokaci.

Sai Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce Dogo ba ya ci, ba ya magana, yana zaune a ɗaki yana kallon bango. Ta ga takardar dakatarwar a aljihunsa, ta ga kwanan watan.

"Baba, goma sha biyu ga Maris ai ranar ce aka kwantar da ni da cikin yarinyar nan. Ranar da jini ya ɓalle mini. Tun safe yana asibiti, shi ya yi ta zirga-zirgar neman jini, bai bar wurin ba sai washegari. Yaya za a ce shi ya yi aiki ranar?"

Ta ce ta tambaye shi, in ba kai ba ne, wa ya yi? Ya ce ta bar maganar. Ta ce za ta kai wa kwamiti takardar asibiti, ya ce in ta kai, bai yafe ba. Shekara huɗu da aurensu bai taɓa faɗa mata irin wannan ba.

Ta ce, "Baba, kai ne babba a ɗakin. Ai ka san wanda ya riƙe masa aiki ranar."

Na ce mata rajista ce ke magana a wurin aiki, ba 'yan gida ba. Na ce ranakun da yawa, mutum ba zai riƙe kowace Talata a kansa ba. Ta dube ni. Idon uwarta gare ta. Ta goya 'yarta, ta yi mini sallama cikin ladabi, ladabi mai yawa, irin wanda ake yi wa baƙo.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe biyu da rabi na rana

Ni ne na ɗaya a ajinmu tun daga firamare har jami'a. Aka tura ni ƙasar waje, na yi shekara uku a cikin sanyi ina koyon raya tsiro a kwalba lokacin da a nan ko sunan abin ba a sani ba. Malamina a can ya ce in zauna in yi digirin dakta. Na ce a'a, ana jirana a gida. Babu wanda ke jirana. Na dawo na tarar da ɗakin da babu ruwa, na gina shi da tukunyar tururi ta aro, ta kashe ƙwayoyin cuta. Waɗanda na koya wa wanke kwalba suka tafi suka dawo da Dakta a gaban sunansu, suna rubuta takardu a kan shukar da na raya, sunana a can ƙasa wajen godiya, tare da direba.

Da na yi ritaya suka ba ni kwantiragi, shekara-shekara. Ba don ƙauna ba. Don babu mai hannuna. In hannun ya tafi, me ya rage? Tsoho a baranda da shayi babu sukari.

Littafin nan yana saurin cika. Takardun yanzu ƙanana ake yi.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana

Farfesa ta aiko a tambayi ina farantan da aka rubuta wa 'yan rakiya. Ta yi tunani mai kyau. In an musanya, to Arba'in da Ɗaya ta gaske tana cikinsu, ana iya ceto ta.

Na ba da amsa a rubuce. Funfuna ta kama su a farkon Afrilu, dukansu uku. Da na gaske ne, da na zauna da aska na yanko inda bai ruɓe ba, na wanke, na sake dasawa, na sha yin haka. Amma 'yan rakiya ne, wa zai ɓata yini a kansu? Aka sa su a tukunyar tururi, minti ashirin, aka zubar.

Aka sa su. Ni na sa su. Wannan kam yana cikin rajista da sa hannuna, kuma ba laifi ba ne, doka ce. Na tuna ma ɗaya ya fara fitar da ɗan kore a gefe, na ce a raina, kai, ɗan rakiya da ƙoƙari.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga gaban kwamiti. Suka ba ni kujera mai laushi, suka kawo ruwa. Farfesa ta ce ta karanta sunana a ƙasan takardu da yawa. Mai Kwat yana gefe a matsayin mai sauraro, yana murza biro.

Sun tambaye ni yadda ake sauyin faranti, na yi bayani. Sun tambayi dokar rubutu a gindi, na yi bayani. Sun tambayi halin Dogo, na ce ban taɓa kama shi da sakaci ba. Mai Kwat ya yi murmushi ya ce a lura suruki ne ke magana. Na kawo zancen maganin tacewa, ɗaya daga cikinsu ya rubuta, ko ya yi kamar yana rubutawa.

Sun ce Dogo ya zo jiya. Ya ce sa hannunsa ne, rubutunsa ne, ba shi da abin da zai ƙara.

Minti arba'in na yi a ciki. Babu wanda ya tambaye ni wa ya zauna a teburin iska ranar goma sha biyu ga Maris. Mutum uku masu digiri tara a tsakaninsu. Da sun tambaya, da na amsa. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. A duba, ban yi ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Ba su tambaya ba.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na aika Dogo ya zo. Ya zauna a bakin baranda, a ƙasa, ya ƙi kujera. Ya rame. Ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya tambayi layukan da suka rage, ko an yi musu sauyi ranar Laraba. Na ce an yi, na sa wasu sun yi don su koya.

Na ce na ji an ce korarsa za a yi, kuma in aka kore shi da wannan tabon babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukarsa. Ya ce Allah ne mai bayarwa. Na ce kada ya yi mini wa'azi a gidana. Na ce me ya hana shi buɗe baki ya kare kansa kamar namiji, yana da mata da jaririya?

Ya ce da ya dawo ranar Laraba da safe ya buɗe ma'aji, ya ga farantai shida, rubutu a kan murfi da babban alƙalami. Ya san hannun. Ya kwafe abin da ke murfin zuwa gindi, ya goge murafen da sifirit kafin kowa ya shigo, ya sa hannu a rajista kamar yadda aka ce masa ya yi don kada a rubuta masa fashi.

"Kuskurena ne, Baba. Da na tambaya. Kunya ce ta hana ni."

Na ce, yanzu kuma fa?

"Ni ina da sauran shekaru. Zan iya wani aikin."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce wa ya naɗa shi mai tausayina? Wa ya ce masa ni abin a rufa wa asiri ne, kamar tsohuwar da ta yi fitsarin kwance? Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya tashi, ya ce a gaida Mama, ya tafi.

Da ya zage ni, da na san abin da zan yi da shi.

Lahadi, 23 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Uwar yara ta ji komai jiya daga kicin. Yau ta kawo shayi, ta ajiye wani kati a gefen kofin. Katin asibitin ido ne, na watan Fabrairu, wanda na sa a cikin tsohon ƙamus ɗina don na san babu mai buɗe shi a gidan nan. Yanar ido ce a duka biyu, na dama ya fi. A yi aiki cikin gaggawa.

Ta ce tun Maris ta gani, tana shara. Tana jira ne ta ga ranar da zan ɗauke ta mutum in gaya mata.

"Malam, shekara talatin kana zagin mutanen wurin nan a kan suna hawa bayan na ƙasa da su. Na saurara har kunnena ya gaji. To ga ka nan."

Ta ɗauki tire ta koma ciki. Yau ta sa sukari. Ban san me take nufi da hakan ba.

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Gobe kwamiti zai rufe zama. Har yanzu ba a canja kwan fitilar nan ba. Wataƙila lafiyarsa lau.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Na shiga ba tare da an kira ni ba. Na ƙi kujerar. Na ce ni na yi sauyin ranar goma sha biyu ga Maris. Na ce na rubuta a murfi saboda ƙaramin rubutun gindi ya daina karantuwa a wurina. Na buɗe shida a lokaci guda, abin da na hana kowa. Na mayar da murafen yadda na ga dama, ko yadda na zaci na gani. Na faɗa da Hausa, a fili, cikin minti biyu.

Sai Mai Kwat ya taso ya dafa kafaɗata. Ya dafa kafaɗata! Ya juya wajen Farfesa ya ce, kin ga irin dattakun da nake gaya miki. Ya ce kowa a cibiyar nan ya san Baba, shekara talatin da ɗaya ko faranti ɗaya bai taɓa ɓata ba, mutumin da ya rubuta dokar da hannunsa ba zai rubuta a murfi ba. Ya ce sun fahimta, 'ya ce, jika ce, kowane uba zai yi haka, amma gaskiya gaskiya ce.

Shekara talatin da ɗaya ina jiran bakin nan ya yabi aikina a gaban mutane. Yau ya yaba, don ya kori mijin 'yata. Ya fi masa sauƙi ya ce wa masu tallafi ƙaramin ma'aikaci ya yi sakaci, da ya ce musu makaho ke riƙe masa da ɗakin tsiro wata biyar bai lura ba, don bai taɓa shigowa ba.

Na ce ya cire hannunsa. Na ajiye katin asibitin a gaban Farfesa. Na ce a aika a ɗauko littafin ƙofa wurin masu gadi, a duba ƙarfe nawa Dogo ya fita ranar, a duba ko ya dawo. Na ce a tambayi kowa a ɗakin yaushe rabon da a ga na ciro tayi da hannuna, ba tsayawa a bayan mutum ina yi masa faɗa ba.

Mai Kwat ya ce kati ai kowa na iya samu. Farfesa ba ta kula shi ba. Ta ɗauki biro ta yi rubutu a takarda da ƙananan baƙi, ta miƙo mini. Na kawo ta kusa, na kai ta nesa, na karkata wajen taga. Mutum huɗu suna kallona. Na ga layi baƙi kamar tururuwa ta bi ta cikin ruwa.

Na ce ban gani ba.

Ta karɓi takardar ta ninke. Ta ce, da ƙarfi, tana rarraba kalmomi, "Mun gode, Baba. Ka je ka huta."

Na ce mata ido na ce, ba kunne ba.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Littafin ƙofa: Dogo ya fita takwas da minti goma. Babu dawowa.

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Takarda biyu suka fito. Uwar yara ce ta karanta mini tawa. An gode mini bisa doguwar hidima, ba za a sabunta kwantiragi ba, bisa dalilin lafiya. Dogo ya koma aiki, da gargaɗi a fayil ɗinsa saboda sa hannu a aikin da bai yi ba, kuma babu ƙarin girma shekara biyu. Wannan ma ni na jawo masa.

Maganin tacewa ya samu layi ɗaya a shafi na goma sha ɗaya na rahoton. An shawarci hukuma ta inganta sayen kaya. Hukuma. Ba ta da suna, ba ta da kwat.

Na kai makulli. Ma'aikatan ɗakin suka taru za su yi mini jawabi, na ce wanda duk ya buɗe baki a kan farantai a buɗe zan dawo in kore shi. Suka yi dariya. Ba wasa nake ba.

Auta ba ta zo ba. Ta aiko da jaririyar dai ta hannun uwar yara, na yini da ita. An sa ranar aikin ido, ashirin da uku ga wata.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Dogo ya biyo daga wurin aiki da goyon masara guda a cikin takarda. Za su fara daga farko. Ya zauna a ƙasa, na ce in bai hau kujera ba ya koma inda ya fito. Ya hau, a gefe-gefe.

Ya ce an raba musu jadawali daga ofis, gobe za a ciro tayi, ɗari biyar. Shi kuma hankalinsa bai kwanta ba. Na ɓare goyon, na bi layin ƙwayoyin da babban yatsa, na soka farce a ta tsakiya. Ruwa ne tsararo ya fito, ko danƙo bai fara ba. Na ɗanɗana. Na ce wannan in kuka ciro gobe tayin bai kai ba, rabi zai narke a bakin aska, sauran su mutu a faranti.

Ya ce jadawalin ya ce kwana goma bayan barbarar fure. Na ce wanda ya rubuta jadawalin ya lissafa hadarin da aka yi kwana huɗu a jere? Masara ba ta karanta takardar ofis. Na yi faɗa sosai, har uwar yara ta leƙo ta ce a bar wa maƙwabta kunnensu. Shi kuwa yana zaune yana cewa to, Baba, to, Baba.

Na ce jibi, da safe, kafin rana ta yi zafi, kuma a fara da goyon ƙasa. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa. Ban ga abin da ya rubuta ba. Na ce ya karanta mini.